Wa Ya Cinye Dajin, Maharbi ko Ɗan Kasuwa?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata tambaya ce da aka yi mana a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, ana saura kwanaki kaɗan a shiga azumin bara. Mun ba da amsa a lokacin, amma amsar ba ta gamsar da mai tambayar ba, mu ma da muka ba da ita ba ta gamsar da mu ba.

Wani dattijo ne maharbi daga wani ƙauye a bakin kogin Misau, wanda yakan biyo ta unguwar nan ran kasuwa. Ya haura shekara 70. Ya jira jama'a suka watse, sannan ya matso ya zauna kusa da mu ya ce, "Malam, ina da tambaya. Na shiga daji na harbo gada guda ɗaya tak. Ina kan hanyar gida wasu ma'aikata suka tare ni, suka karɓe gadar, suka karɓe bindigar, sai da yarana suka yi karo-karo aka sake ni. Bindigar nan ta mahaifina ce. To, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, naman da na so in kai wa iyalina haram ne?"

Muka ce, "Baba, naman gada halal ne matuƙar ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka harba. Sai dai hukuma ta sa doka don namun daji sun kusa ƙarewa, bin doka kuma wajibi ne a abin da ba saɓo ba." Ya yi shiru yana jan carbinsa. Can sai ya ce, "Sun kusa ƙarewa, wannan gaskiya ne. To wa ya ƙarar da su? Ni dai na san abin da cikina yake ɗauka, na san abin da tukunyar gidana take ɗauka. Kai kuwa, Malam, ai ka san inda fatun suka tafi."

Wallahi ji muka yi kamar ƙasa ta tsage mu shige. Domin dattijon nan ya san mu tun muna samari, ya san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Kamar yawancin gidajen unguwar nan, fatauci ne ya kawo iyayenmu Misau, mu kuma namu gidan fatu da ƙiraga aka gada. Bayan fatar akuya da ta tunkiya, akwai shekarun da muka yi muna sayen fatar guza da ta damo da ta mesa, jefi-jefi har da ta kada. Mukan bi ƙauyukan bakin kogin Misau, mu haura ta wajen kogin Jama'are har ƙasar Katagum, mu tara kaya a Azare, a loda zuwa Kano. Daga Kano sai inda Allah ya yi, an dai ce mana jaka da takalmi da ɗamara ake yi da su a Turai. Ba mu taɓa kashe ko da guza ɗaya da hannunmu ba. Kuɗi kawai muke ba yara tun kafin su shiga daji, su kawo kaya mu cire. Akwai dokar da gwamnatin soja ta yi a 1985 wadda ta shafi cinikin irin waɗannan fatu, mun ji labarinta sama-sama, amma ba mu taɓa ganin ta tsayar da motar kaya ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai yanzu shi ne yadda muka yi lokacin da kaya suka fara ja baya. Yaron da yake kawo fata 30 a mako ya koma kawo 10, fatun ma ƙanana. Ba mu ce "kai, a dakata" ba. Cewa muka yi kaya sun yi wuya, muka ƙara farashi. Ƙarin farashin nan shi ya tura yaran suka ƙara nisa, suka fara tona ramuka, suna kamo har masu ƙwai a ciki. Ka ga abin mamaki: a gona, in ƙasa ta gaji manomi yakan bar ta ta huta, don yana ganin amfanin yana raguwa. A kasuwa kuwa, ƙarancin abu shi ke ƙara masa daraja, darajar kuma ita ke ƙara sa a bi shi. Guza na ƙarshe a fadama shi ya fi kowanne tsada.

Da muka koma gida ran nan muka buɗe littafi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a nan ya bi ta kanta, ta bayyana cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa ta halatta. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya da suka zo baya sun faɗaɗa maganar zuwa hukunci biyar: wajibi ga wanda yunwa za ta halaka shi ko iyalinsa, abin so ga mai neman yalwata wa gidansa, halal ga mai neman abin masarufi ko na sayarwa, makaruhi ga mai nishaɗi, haram ga mai kashewa a banza ba da nufin ci ko wani amfani ba. A wannan ma'auni Baba maharbi ya fita fes. Mu ma, in an bi harafi, mun fita, domin ciniki halal ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi fatauci. To amma duk waɗannan hukunce-hukunce mutum ɗaya suke duba, da niyyarsa, da dabba ɗaya da ke gabansa. Tambayar da dattijon ya jefo mana wata ce daban. In mutum dubu kowa ya yi abin da ya halatta gare shi, amma da aka haɗa aikinsu wuri ɗaya sai ga wata halittar Allah ta ɓace daga ƙasa gaba ɗaya, wa za a tambaya ranar Lahira? Alƙur'ani a Suratul An'am ya nuna mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummu ne kamar mu. Yanka akuya ɗaya daban, shafe al'umma guda daban.

Ba yau aka fara ba, kuma ba da guza aka fara ba. A cikin masu karanta wannan, wa ya taɓa ganin jimina tana kiwo a daji? Sai dai a gidan zu, ko a gidan wani mai hali da ya ajiye don ado. Alhali kakanninmu sun san ta a dajin arewa, daga Borno har Damagaram. Tun da daɗewa ana amfani da gashinta a ƙasar Hausa, ana yi wa sarakuna figini, ana yi wa Sarkin Kano takalmi. Amma figini nawa sarki zai riƙe? Buƙatar tana da iyaka. Sai a wajen shekarun 1870 matan Turai suka ɗauki yayin sa gashin jimina a hula. Nan take ayarin raƙuma da ke tashi daga Kano, su bi ta Damagaram da Agadas da Ghat da Ghadamas zuwa Tarabulus, suka cika da gashin jimina tare da hauren giwa da jar fatar akuya. Larabawan Ghadamas da ke zaune a Kano su ne manyan masu saye, irin kakanninmu kuma su ne masu bin ƙauye suna tarowa. Daga Tarabulus kayan sai Landan da Faris. Gashin jiminar ƙasar nan ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda a lokacin gashin jimina ne na huɗu a kayan da take fitarwa bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu, ta turo tawaga ta musamman a 1911. Suka zo har Kano suna neman irin, suka koma a 1912 da jiminu kusan 140 a raye. Shekara biyu bayan nan, a 1914, yaƙin duniya ya ɓarke, mota ta yawaita, babbar hula mai gashi ba ta zama a kai cikin buɗaɗɗiyar mota, yayi ya wuce, kasuwa ta rushe. Ba za mu ce cinikin gashi kaɗai ya ƙarar da jimina ba. Bindiga da mota da kwasar ƙwai da faɗaɗa gonaki da farin 1973 da na 1984 duk sun sa hannu. Amma kasuwar nesa ce ta fara koya wa mutanenmu kallon tsuntsun nan a matsayin kuɗi mai ƙafa biyu.

Giwa ma haka. A jiharmu ta Bauchi aka keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a wannan shekara ta 2006 ta sami giwaye kusan 350. Ba a yi shekara goma ba aka koma maganar 100 zuwa 150. Ba don nama aka kashe su ba, haure ake sarewa a bar gawa tana ruɓewa. Duniya ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, amma ko a watan Janairun 2024 sai da aka niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Wanda zai ajiye sassaƙen hauren a ɗakinsa a can gabashin duniya bai san hanyar Alkaleri ba.

Muna cikin wannan tunani ne wani ɗanmu mai karatun ilimin halittu ya zo hutu, muka ba shi labarin tambayar dattijon. Sai ya ce, "Baba, ai an yi irin wannan shari'ar sak a ƙarshen duniya, a kan kifin wel." Ya zauna ya karanto mana tarihin, mu kuma muka ga ya dace mu kawo muku shi, don can Turawa sun rubuta komai a littafin jirgi, lissafin da mu nan ba mu ajiye ba su sun ajiye.

Mu almajirai mun san irin wannan dabba ta hanyar hadisi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida bin Jarrah, waɗanda guzuri ya ƙare musu a bakin teku har suka koma cin ganye, sai teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar. Suka yi kwanaki masu yawa suna ci, Abu Ubaida ya kafa haƙarƙarinta mahayin raƙumi ya wuce ta ƙasa, suka kuma kawo wa Manzon Allah (SAW) ragowar naman a Madina ya ci. To wannan da ɗan namu ya ba mu labari wani jinsi ne na anbar da ke rayuwa a tekun ƙanƙara na can arewacin duniya, bai taɓa barin wurin. Turawa sun sa masa suna mai ma'anar "kan baka", don muƙamuƙinsa ya lanƙwasa kamar bakan maharbi. Tsawonsa yakan kai mita 18, nauyin babba yakan kusanci tan 100, kaurin kitsensa kusan rabin mita. Ba shi da haƙori, sai wasu dogayen faifai masu kama da ƙaho jere a baki kamar mataji, wasu har mita 4, da su yake tace ƙananan halittun ruwa ya haɗiye. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 25, kuma ɗa ɗaya take haifa bayan shekara uku ko huɗu. Masana sun ce yakan haura shekara 200 a duniya. A 2007 an kama wani a Alaska aka sami guntun kan mashi a jikinsa irin wanda ake ƙerawa a ƙarshen ƙarni na 19. Wato ya tsere wa wani maharbi tun kafin Turawa su ci Kano, ya yi ta yawo da ƙarfen fiye da shekara ɗari.

A bakin wannan teku akwai mutanen da ake kira Inupiyat da Yupik. Ƙasarsu ba ta noma, ba gero ba dawa, abin da ruwa ya ba su shi ne abinci. Sun fi shekara dubu suna farautar kan-baka da kwalekwalen fata da mashi. In ƙauye ya sami ɗaya ko biyu a shekara, an gode Allah. Naman da kitsen a raba gida-gida, har tsofaffi da zawarawa da ba su je ba, ƙashin a yi ginshiƙin ɗaki, man a kunna fitila. Duk tsawon wannan zamani dabbar ba ta ragu ba.

Sai 'yan kasuwa suka zo. A 1611 Ingilishi suka fara kamun kan-baka a tsibiran Spitsbergen da ke arewa da Norway, mutanen Holan suka biyo baya da jirage masu yawa. Su ba nama suke so ba. Kitsen suke narkawa a sami mai na fitila da sabulu, babba ɗaya yakan ba da ganga 100. Faifan bakin kuma da su ake yin sandunan laima, da bulalar keken doki, da wata rigar ciki da matansu suke ɗaurawa don matse ƙugu. Gangar jikin a sake ta a ruwa. Da suka share wancan teku suka matsa yamma wajen Girinlan, suka share. A 1848 wani matuƙin jirgi ɗan Amurka mai suna Thomas Roys ya ratsa mashigin Bering ya tarar da garken da ba a taɓa ba, wato na mutanen nan da muka ambata. Zuwa 1852 jirage sama da 200 ne a wurin. Masu bin diddigin littattafan jiragen sun lissafa cewa daga 1848 zuwa 1914 an kashe sama da 18,000. Da aka haƙo man fetur a Amurka a 1859 man kifi ya fara faɗuwa, sai ka ce dabbar za ta huta. Ina! Yayin matse ƙugu ya ɗaga farashin faifan baki har ya kai dala 5 kowace laba, aka koma kashe dabba mai tan 60 ko 70 don a yanke abin bakinta kawai. Da kan-baka ya yi wuya, jiragen suka juya kan wata dabba mai haure biyu, a ce dorinar ƙanƙara, suka kashe fiye da 100,000. Ita ce kuwa abincin yau da kullum na mutanen wurin. Tsakanin 1878 da 1880 yunwa da cuta suka kashe sama da mutum 1,000 a tsibirin San Lorans, mafi yawan mazauna tsibirin ke nan, masu tarihi kuma suna lissafa wannan ɓarna cikin dalilan. Abin da ya tsayar da cinikin ba tausayi ba ne. Wajen 1908 aka sami ƙarfe mai lanƙwasa da ya maye gurbin faifan, yayi ya canza, farashi ya faɗi. Ku lura, kusan lokaci ɗaya da faɗuwar gashin jimina. Mace ɗaya ce a Landan, jiminarmu a kanta, anbar ɗinsu a ƙugunta.

Ga inda labarin ya haɗu da na Baba maharbi. A 1946 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar da ta kafa hukumar duniya mai kula da kamun wel. A 1977 hukumar nan ta ce kan-bakan da ya rage a tekun Alaska bai wuce tsakanin 600 da 2,000 ba, don haka ta hana 'yan ƙasa farautarsu kwata-kwata. Waɗanda suka share tekun sun daɗe da mutuwa, jikokinsu suna cin gadon dukiyar, wanda aka zo karɓe wa mashi shi ne wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce tukunyarsa ba. Dattawan Inupiyat suka ce ƙidayarku ba daidai ba ce. Ku kuna tsaye a bakin ƙanƙara kuna ƙirga wanda ya ɓullo a buɗaɗɗen ruwa, alhali da yawa ta ƙarƙashin ƙanƙara suke wucewa, su fasa ta da kai su shaƙi iska, wasu kuma can nesa suke bi inda ido ba ya kai. Aka ɗauke su masu son zuciya. Sai da aka zura na'urar sauraren sauti cikin ruwa aka ji kukan waɗanda ba a gani, aka tabbatar dattawa ne da gaskiya. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Ƙidayar 2011 ta ba da kusan 16,800.

Amma kada mu faɗi rabin labari don ya yi mana daɗi. Su ma 'yan ƙasar ba mala'iku ba ne. A zamanin jirage da yawansu sun yi wa 'yan kasuwa aiki, sun sayar da faifan baki don bindiga da gari da sukari, kamar dai yaran da muke ba kuɗi. A shekarun 1970 kuma, da kuɗin man fetur ya shigo Alaska, sababbin maharba marasa ƙwarewa suka yawaita, har a 1977 aka soki sama da 100, mafi yawansu suka tsere da rauni suka ɓace a banza. Abin da ya cece su shi ne a wannan shekarar shugabannin kwalekwalensu suka kafa hukumarsu ta kansu. Suka karɓi ƙayyadadden adadi, da farko 12 kacal, suka sa hannu a ƙidaya, suka hana taɓa uwa mai ɗa, suka riƙa hukunta nasu da kansu. Yau an yarda musu su soki har 67 a shekara tsakanin ƙauyuka 11, garken kuma yana ƙaruwa. Sharaɗi ɗaya ne ya riƙe komai: ba a sayar da naman. A ci, a raba, a yi biki, amma ba ya hawa sikeli.

Wannan ya tuna mana da abin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihul Bukhari game da Sayyidina Umar. Ya keɓe wani hurumi na kiwo, ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya tsare. Umarnin da ya ba shi shi ne ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman bin Auf da na Usman bin Affan. Dalilinsa: waɗannan biyun in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa in nasa sun mutu sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Umar yana kuka. Ku duba fa, manyan sahabbai biyu cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, dukiyarsu halal tsantsa, amma su aka tare a bakin hurumi. Ba don sun yi laifi ba, sai don girman garkensu. Mu a nan mun juya abin. Mai gada ɗaya shi ake tarewa a hanya, mai mota cike da kaya ya wuce.

Kuma ba sai mun je Alaska ko Madina ba. Iyayenmu sun ba mu labari, mu ma mun tarar da ƙarshensa, cewa farauta tana da Sarkin Baka, ruwa yana da Sarkin Ruwa. Ba a fita farautar gayya da damina lokacin da namun ke da ciki ko goyo. Akwai gurbin da ba a jefa koma a cikinsa sai ranar da aka buɗe. A Argungu har gobe ana tsare Matan Fada, ba a su a wurin sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum. Waɗannan dokoki sun yi aiki ne don mai yin su da mai bin su duk a bakin ruwan suke kwana, kowa ya san baɗi ma nan zai dawo. Ɗan kasuwa shi ne mutum ɗaya a cikin sha'anin da ba dole ne ya dawo ba. In fadamar Misau ta ƙare ya koma ta Hadeja, in ta ƙare ya koma ta Nguru, in duk sun ƙare ya canza sana'a. Mu da kanmu haka muka yi, da fatar guza ta ƙare muka koma hatsi, ba mu yi asarar ko sisi ba.

Mun san abin da wasu abokan sana'a za su ce, don mun sha faɗin sa da bakinmu. Na farko, ai maharbin ma sayarwa yake, ya kai cinyar barewa kasuwa ya sayo gero, to ina bambanci? Gaskiya ne, kuma ba mu ce sayarwa ce laifi ba. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa nama, cikin maƙwabcin ne iyakar cinikin. Matsala tana farawa ne ranar da mai saye ya ce ko nawa ka samu kawo, ranar da aka daina tambayar "zai ishe mu?" aka koma "nawa ne a Kano?" Na biyu, in ban saya ba wani zai saya. Wannan ita ce hujjar kowane matuƙin jirgi cikin 200 ɗin nan na 1852, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta wa mutum sayen kayan sata don wani ma zai saya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na uku, talauci. Wannan ita ce mai nauyi, ba ma raina ta. Sai dai talaucin yaron da ke tona rami ne, ba na mai ba shi kuɗi ba. Mu da muke fakewa da talaucinsa, a cikinsa muke samun araha.

Abin bai wuce ba, sunan kaya ne kawai ya canza. Ku tuna rabonku da ganin ungulu a mahautar Misau ko ta Azare. Da muna yara sai an kore su da sanda, yau babu. Kamo su ake yi, a sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu a nan gida da ƙasashen maƙwabta, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke ƙarewa ta sa ungulun nan tamu a sahu mafi haɗari. Mushen da take share mana kyauta yanzu sai ya kwana yana wari a bayan gari. Ga kuma jaki, wanda ba ma na daji ba ne. Ana dafa fatarsa a ƙasar Sin a yi wani magani, sai ga jakunan arewa ana lodawa a manyan motoci daga kasuwanni irin su Maigatari. Jaka shekara guda take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Kafin nan mai ɗiban yashi da mai kai taki gona sun riga sun ga jaki ya fi ƙarfin aljihunsu.

Ba za mu ɓoye muku ba, watanni kaɗan da suka wuce wani tsohon abokin hulɗa ya kira mu, ya ce tunda mun san hanyar ƙauyuka kuma mun san fata, mu riƙa tara masa ta jaki, zai turo kuɗi tun kafin kaya. Ribar da ya ambata ta fi ta buhu 20 na gero. Mun kwana biyu muna juya maganar, da kuɗin makarantar yara a gabanmu. A rana ta uku muka ce masa ya nemi wani. Mun san kuma ya samu.

Baba maharbi ya sake biyowa bayan Sallah. Muka ce masa, "Baba, amsar da muka ba ka ran nan ba ta cika ba. Namanka halal ne, kuma ba kai ka cinye dajin ba, da hannunmu a ciki fiye da naka. Amma gadar da ta rage yanzu ba ta san wa ya fara ba, in ka harbe mai ciki ta tafi ke nan." Ya ce ya sani, shi bai taɓa harbin mai ciki ba, yaran yanzu masu fitila da babur da dare su ne ba sa tambaya. Muka ba shi labarin mutanen ƙanƙara da yadda suka haɗa kai suka ƙirga nasu da kansu. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko da gaske ne dabbar tana shekara 200, muka ce haka masana suka ce. Ya girgiza kai ya yi tasbihi.

Mun yi da shi cewa in an gama girbi za mu je tare wurin Sarkin Bakan yankinsu, daga nan mu ga hakimi, a nemi a dawo da hana farautar damina, a rubuta sunayen maharban gado, a kuma sa ido a kan masu saye kafin masu harbi. Ya ce shi zai tara maharba, amma 'yan kasuwa sai dai mu, don yarenmu ɗaya da su. Waɗanda abin ya shafa a unguwar nan sun san kansu, za mu bi su shago-shago kafin lokacin. Bindigar mahaifinsa dai har yau ba a mayar masa ba.